Ranar da Na Kasa Kiran Sunanki a Bakin Kanal

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo miki gaisuwar safe da ta yamma a haɗe, tunda ban san lokacin da direban motar Garun Mallam zai kai miki takardar nan ba. Allah ya sa ta same ki lafiya, ke da Goggonki da mutanen gidanta baki ɗaya. Allah ya tsare ki a titunan birnin nan da aka ce mota ba ta jiran mai tsallakawa, ya tsare ki daga sharrin da kika gani da wanda ba ki gani ba. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Labarin gida kuwa ba zan tsaya ba ki ba, ƙannenki sun ishe ki da shi a waya. Magana ɗaya ce ta sa na nemo biro na yagi takarda a littafin ƙanwarki.

Rannan da kika bugo kika ce a ba ni, tun kafin ki gama sallama na ji ranki a ɓace yake. Kika ce Hajiyar da ta ɗauke ki aiki a gidan rainon yaranta ta ce ba za ki taɓa ɗan kowa ba sai an yi miki horo tukuna: a koya miki taimakon gaggawa, da abin yi in gobara ta tashi, da tsaftar hannu, sannan ki je asibiti a auna lafiyarki. Kika ce, "Inna, wai ni za a koya wa riƙon yaro? Ni da na raini su Nasiru tun suna cikin tsumma? Wai tirenin! 'Yar tsana fa ta roba aka shimfiɗe mana a tabarma, wai mu riƙa hura mata iska a baki." Daga nan kika roƙe ni in sa babanki ya yi wa Kawunki Sale magana, tunda ya san mijin Hajiyar, a ɗauke miki horon ki fara aiki kai tsaye. In kuma an ƙi, kin ce gara ki tattaro kayanki ki dawo gida.

Na ce miki "to", na miƙa wa ƙanwarki wayar. Kin san ni da "to". Wannan ba na yarda ba ne. Tsakar gida ce cike da mata, ni kuma ban iya doguwar magana da ke a gaban mutane ba, ban taɓa iyawa ba. Ban gaya wa babanki ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ki daure ki karanta dalilina har ƙarshe, in kin gama sai ki yi fushin, ai fushinki ba baƙona ba ne, a wurina kika koye shi.

Amma bari in fara da gaskiyarki. Kin raine su, wannan ko maƙiyinki ba zai musa ba. Ina jegon wani, kina goye da wani, kina ja wa na uku hannu. Kin yi wankin kashi da hannunki tun ba ki kai tsawon turmi biyu ba. Sau nawa aka tafi makaranta aka bar ki saboda ina kwance? Ban taɓa buɗe baki na ce miki sannu ba, sai dai in ce wa Goggonki ta gaya miki, ita kuma ta manta. To yau na faɗa: na gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, ba don na raina hannunki ba ne.

Labarin faɗawarki kanal kin sha jin sa, har tsokanarki ake yi da shi a gidan biki. Sai dai kullum daga bakin masu dariya kike ji. Yau ki ji shi daga wadda take zaune a wurin da wuƙa a hannu.

Ke 'yar fari ce, kuma sunan Iya, uwar babanki, aka sa miki. Kunya biyu ke nan a kaina. Sunanki na yanka ba mai faɗarsa a gidan nan don girman Iya, sai aka ba ki na gida wanda kowa ke kira. Ni ko shi ɗin ba na faɗa. Haka na tarar ana yi, haka uwata ta yi mini: mace ba ta kiran 'yar farinta, ba ta ɗaukarta a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da ita. In ina son ki zo sai in ce "ke", in zan yi zancenki sai in ce "yarinyar can". Tun da aka yaye ki kuma a ɗakin Iya kike kwana.

Shekarar nan ce da tumatir ya yi kwantai, motoci suka daina zuwa ɗauka, kwanduna jibge a bakin titi suna zubar da ruwa. Babanki ya ce ba zai zuba ido guminsa ya ruɓe ba, kowa ya fito a yanka a shanya a yi kauɗa. Muka ɗunguma gonarsa ta hanyar Kadawa, wadda ke manne da babban kanal. An sako ruwa, ya cika har kusa da baki, gangaren simintin nan duk gansakuka, sulɓi kamar an shafa karkashi. Muka zauna a inuwar darbejiya, ni da Iya da matan gida da na maƙwabta, ana yanka ana hira, yara na wasansu a gefe. Ke lokacin kin fara gudu-gudu, ba ki da aiki sai bin duk abin da ya motsa.

Ni kaɗai na gan ki. Kowa idonsa na kan wuƙarsa, ni kuwa dama haka nake yi, ina satar kallonki ta wutsiyar ido kamar ɓarauniya, don kar a ce ina kallon 'yata. Na ga wani tumatir ya gangara ya faɗa ruwa yana yawo, na ga kin bi shi, kin taka bakin simintin kina miƙa hannu.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan ya zo har kan harshena ya tsaya cak, don Iya tana damana, gwiwarta na taɓa tawa. Sai na ce, "Ke!" Wasu 'yan mata suka waiwayo. Ke ba ki waiwayo ba, kuma don me za ki waiwayo, ai "ke" sunan kowa ne. Na sake cewa, "Ke! Ke!" Sannan maimakon in watsar da wuƙa in ruga, sai na taɓa matar da ke haguna na ce, "Ku dubi yarinyar can." Ta ɗago ta ce, "Wacce?" Kafin in nuna, ƙafarki ta zame.

Allah ya kawo Dije. Bafulatanar nan ta rugar bayan gari mai kawo mana nono, wadda har yau kike ce wa Goggo Dije. Tana tafe a kan gaɓar kanal da ƙwaryarta a ka. Ta ƙwala kiran sunanki da wata irin murya da har masu ban ruwa a gonakin nesa suka ɗago, ta yi wurgi da ƙwaryar, ta afka ruwan da zaninta da komai. Ruwa ya riga ya fara jan ki wajen kwalbatin da ke bi ta ƙarƙashin hanya. A ƙafa ta cafko ki. Har yau in na rufe ido ina ganin nonon nan fari yana bin gangaren siminti, ƙwaryar ta rabe biyu.

Ki ga abin da muka yi bayan nan, mu gwanayen raino. Iya ta kama ƙafafunki ta juya ki kai ƙasa tana jijjigawa. Wata ta karɓe ki ta danna miki ciki. Wata ta ce a kawo toka, wata ta ce a kawo gishiri, saura kuwa salati kawai suke yi. Kika yi amai, kika tsala kuka, kowa ya ce alhamdu lillahi. Iya ta goya ki da jiƙaƙƙiyar rigarki, muka koma yankan tumatir. Washegari jikinki ya yi zafi rau, numfashinki sama-sama, haƙarƙarinki na shiga yana fita. Babanki ya ɗauke ku a babur ke da Iya zuwa asibiti a Kura, ni na biyo baya a motar haya ina cewa wai na zo kawo musu abinci ne.

Malamar asibitin da ta karɓe ki, Allah ya yi mata albarka duk inda take, ba ta yi mana tsawa ba. Ta ce, "Iya, yaron da ya nutse irin haka, ko ya tashi yana wasa, a kawo shi a ranar, ruwa yana iya shiga huhu." Ta ce juya yaro kai ƙasa da danna masa ciki ba ya fitar da ruwan huhu, sai ma ya turo amai ya shaƙe shi. Sannan ta tambaye mu, "Da ta fito ba ta numfashi, me za ku yi?" Ta ce iska ake hura wa yaro a baki, a danna ƙirji, kuma akwai yadda ake yi, ba da ka ba. Na tuna taron matan nan na ƙarƙashin darbejiya, masu 'ya'ya da masu jikoki, wasu ma su suke karɓar haihuwa a unguwa. Babu ɗaya a cikinmu da ta san wannan.

Kin san abin da ya fi ba ni mamaki? Yabo na sha. Gari ya ɗauka: "Kai, Saude akwai kunya! 'Yarta ta faɗa ruwa a gabanta, ko sunanta ba ta kira ba." Iya da kanta take ba da labarin a gidan suna tana alfahari da surukarta. Ni kuma in sunkuyar da kai, har wani daɗi nake ji. Sai da na sayi sabuwar ƙwarya na bi Goggonki muka je ruga yi wa Dije godiya. Ta karɓa ta juya ta, ta dube ni ta ce, "Saude, mu Fulani mun fi ku wannan abin. Ni ɗan farina ko inda yake ba na kallo. Amma in na ga zai faɗa ruwa, wallahi sunansa zan kira har da na ubansa, in ya so a yi shekara ana zunɗe na a ruga." Ta faɗa tana dariya, ta ɗebo mana kindirmo. Ni ban iya sha ba, a hannu na riƙe shi har muka tashi.

Ummi. Ga shi na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo mini a ka ba. Ummi, da shi na kira a ranar, da kin waiwayo.

Don haka abin da nake so da ke, ranar farko da aka ba ki yara, ki haddace sunayensu kafin ki san inda ake ajiye tsintsiya. Ba sunan da ke rubuce a takarda kaɗai ba, ki tambayi uwar kowanne wane suna yake amsawa a gida, don yaron da ake kira Abba ba zai juyo ba in kin kira shi da na yanka. Ki kalle su da ido biyu a fili, kallon da ni ban yi miki ba. Wayar nan taki da kike shafawa har a bakin murhu, ki jefa ta jaka. In kuma abu ya faru, Allah ya kiyaye, kar ki ce "jama'a a taimaka", kar ki ce "ku dubi yaron can". Na gwada, ba ya tayar da kowa, kowa sai ya dubi na kusa da shi. Ki kama sunan mutum ɗaya ki ba shi aiki ɗaya: wance, kira mota, wance, kwashe sauran yaran ki fita da su. Ko Hajiyar ce da kanta a tsaye, ki aike ta. In kin ga wadda ta girme ki a aikin ta kwantar da jariri rub da ciki, ko ta bar bokitin ruwa a buɗe inda masu rarrafe suke, ki faɗa nan take, ki ba ta haƙuri daga baya. Ban ce ki yar da kunya ba, kar ki je ki ce Inna ta ce. Ki gaida manya a durƙushe, ki sassauta murya, ki yi kara a wajen abinci da wajen zama. Amma in ran yaro ne a gaba, ajiye ta ki ruga, in kin dawo kya ɗauka.

Na Nasiru kuwa ba sai na ba ki labari ba, kina nan. Ke ce ma kika miƙo mini kwalbar manja, gwanar raino! Kin tuna yadda babanki ke sayo maganin feshi a awo, a zuba masa a gorar lemo, ya ajiye bayan ƙyauren zaure? Duk manoman garin nan haka suke yi, har gobe wasu ba su daina ba. Yaro ya ga gorar da ya saba ganin ana sha, me zai hana shi kafa kai? Na jiyo warin a bakinsa tun kafin ya ƙaraso inda nake. Na matse shi a cinya na ɗura masa manja, na zura yatsa a maƙogwaronsa, maƙwabciya ta kawo madara muka ƙara masa. Saboda tsabar haushi kuma na ɗauki gorar na jefa a masai. Da muka isa asibiti, abin da aka fara tambayata shi ne, "Ina gorar? Wane irin magani ne?" Na ce na jefa a masai. Likitan ya kama kansa da hannu biyu. Sai da aka tura a nemo babanki a gona ya zo ya kwatanta musu irin wanda ya saya, yaro na kwance yana dalalar da yawu, idanunsa sun ƙanƙance. Suka ce mini ba a sa wanda ya sha guba amai, ba a ɗura masa mai ko madara, a cire masa rigar da ta jiƙe, a ɗauko shi da abin da ya sha a taho da gudu. Sun yi tsaye a kansa har Allah ya tashe shi. Mutanen nan ban san sunan ko ɗaya ba, amma ba na sallah in manta da su.

Kin ga a ranar ba ƙiyayya ce ta sa na ɗura masa manja ba, so ne, kuma da hannuna na kusa ƙarasa shi. A gidan rainon nan naku ba za a rasa kananzir ba, da ruwan wanke banɗaki, da magungunan yaran da iyaye ke kawowa. Ki tambaya ina ake kulle su, wa ke riƙe da mabuɗin. Kar ki yarda a juye komai a gorar abin sha, ko da na yini ɗaya ne. Kar ki ba ɗan wani maganin da uwarsa ba ta ce ba, ko da kin ga ya yi wa ƙaninki aiki. Babanki dai tun daga ranar ya sa kafinta ya haɗa masa akwatin ajiye maganin feshi mai kwaɗo, yana can rataye a rumbu inda ni ma sai na taka turmi nake kaiwa.

Yanzu ki zauna ki yi lissafi da kanki. Ɗan abin da na sani game da nutsewa, a jikinki na koye shi. Na guba, a jikin Nasiru. Kowane darasi sai da na kusa biya da ɗa. Ke kuma an shimfiɗa miki 'yar roba wadda ko kin karya mata haƙarƙari ba mai kuka, an ce ki yi ta kuskure a kanta har hannunki ya faɗa, shi ne kike kumbura baki kina neman Kawu Sale? Haba Ummi! Ni da a ce an ba ni wannan 'yar tsanar ina amarya, da goya ta zan yi in kai ta ɗaki. Hajiyar nan ban san ta ba, amma ki gaishe ta, ki ce wata tsohuwa a ƙauyen Garun Mallam tana yi mata addu'a. Macen da za ta ce ba a taɓa mata 'ya'yan mutane sai an koya, ta san nauyin abin da aka ba ta. Matan nan da ke kawo jariransu da safe su wuce wurin aiki, ba su san ki ba, ba su san gidanku ba. Su miƙa miki su juya, wata tana tafe nono na zuba a rigarta. Ba abin da suka riƙe sai cewa an koya miki.

Zancen awon asibiti kuma, na ji yadda kika faɗe shi kamar an zage ki. Ba wanda ya ce kina da cuta. Tari ne ake gudu, da irin ciwon da babba ke yawo da shi a tsaye amma ya kwantar da jariri. Ki je a auna, in an ce allura ki miƙa hannu. Ranar da kika tashi da zawo ko mura mai zafi, ki faɗa, ki zauna a gida. Kar ki yi irin nawa, da nake ɗaure kai da ɗankwali in ce lafiya lau, in dama kunu in ba kowa, kwana kaɗan duk gidan ya kwanta har da babanki yana nishi kamar shi ya fi kowa. Wankin hannu ma da kike yi wa dariya, na san wankinki, ki tsoma ki fitar ki goge a zani. Ki bari a nuna miki na sabulu, bayan kin canza wa yaro kunzugu da kafin ki taɓa abincinsa. Ranar da za a gwada muku fitar gobara, kar ki tsaya a baya kina danne dariya. Ki san ƙofar da za ki bi, ki san wa za ki saɓa a kafaɗa, wa zai iya tafiya da ƙafarsa. In kuma yaro ya faɗi ya buge kai a hannunki, ki gaya wa uwarsa da bakinki kafin ta gani, ko da za ta zazzage ki. Ita za ta kwana da shi, ya kamata ta san abin da za ta sa wa ido.

Saura magana ta ƙarshe, kuma ita ce ta hana ni sakewa tun da kika yi wayar nan. Wannan ba nasiha ba ce, roƙo ne.

Tun da gwiwa ta hana ni zuwa gona, kin san matan unguwa masu fita tsinkar tumatir nan suke sauke mini yaransu da safe. Da kina nan ke kike kama mini, yanzu ni ce kaɗai da su, ƙannenki na makaranta. Ga ƙaramin kanal a bayan katangarmu, shi ya sa kullum nake cewa a gyara ƙofar baya ana cewa gobe. Bayan tafiyarki, 'yar wajen Larai, mai rarrafen nan, ta tsinci ƙwayar gyaɗa a ƙasa ta jefa a baki. Ina tankaɗe na ji shiru, irin shirun da ba na lafiya ba. Na waiwaya na ga ta buɗe baki ba kuka, fuskarta ta canza. Wannan karon na ruga, ban tsaya kallon kowa ba. Na ɗauke ta, na bubbuga, na jijjiga, na zura yatsa, na yi duk abin da hannuna ya ga dama. Gyaɗar ta fito, Allah ne ya fitar da ita. Na zauna daɓas a ƙasa da yarinya a cinya, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban san cikin abubuwan da na yi wanne ne daidai, wanne ne zai iya tura gyaɗar ciki ba. Na tsufa da raino, furfura ta cika mini kai, amma ban sani ba. Da yamma Larai ta dawo na gaya mata, ta rungume 'yarta ta ce, "Allah ya saka, Inna, ai shi ya sa hankalinmu ke kwance in suna wurinki." Washegari ta sake kawo ta.

To ki je ki koya, Ummi, ki koya da kyau, ki yi tambaya har malaman su gaji da ke. Abin da ba ki gane ba ki ce a maimaita, ki ce akwai wadda ke jiranki da shi a gida. In kin zo hutun Sallah zan tara su Larai da duk mai bar mini ɗa, da tsofaffin unguwa masu riƙon jikoki, mu shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ki tsaya a gabanmu ki nuna mana da hannunki: na shaƙewa, da na nutsewa, da na yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga. Ni zan zauna a gaba. In na yi ba daidai ba, ki dube ni a gaban kowa ki ce, "Inna, ba haka ba, sake." Zan sake. Na san za a yi magana a gari, a ce Saude ta tsufa ta lalace, ta zauna 'yar farinta na koya mata a bainar jama'a. Su faɗa. Ni dai ina so in Larai ta miƙo mini 'yarta da safe, in karɓa ba tare da gabana ya faɗi ba.

Allah ya buɗe miki kai, ya sa hannunki ya zama na sanyi a kan 'ya'yan mutane. Allah ya sa duk wanda aka miƙa miki da safe ki mayar da shi ga uwarsa da yamma yana dariya. Ya tsare ki daga ruwa da wuta da mugun ji da mugun gani, ya tsare fitarki da shigarki, ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaida Goggonki da kyau. Ina jiranki, ni da yaran nan.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki